Kifin da Ya Koma Kuseri

Kuseri, farkon Rajab

Zuwa ga ƙanena Mas'udu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Ummi da yara. Yaya zafin Garwa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ta shiri da sanyin asuba. 'Yata Fatime tana gaishe ku. Cikinta ya tsufa, ta dawo gida haihuwa, kullum tana zaune tana ba ni umarni kamar ita ta haife ni.

Na san za ka ce har yanzu Adda takarda take yi, mutane suna ta magana a waya. Wayar gidan nan ta Fatime ce, in na yi magana a ciki unguwa duka ta ji. Ajamin da Baffa Malam ya koya mini a zaurenku, lokacin da aka kai ni riƙo Garwa kana rarrafe, shi ne kaɗai abin da ba wanda ya iya karantawa a gidan nan sai ni. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, in ban dame ka ba wa zan dama?

Ga kwandon banda nan na ba direban ajans, kamfanin motocin hayan nan. Na sa sunan rediyonku a jiki kamar kullum, don ban yarda da masu moto, 'yan acaɓan unguwarku ba. Kifin bana ya yi mai. Ka ce wa Ummi kada ta kashe shi da daddawa irin na bara.

A gefen kwandon, cikin ƙullin leda, akwai ɗan katin memori. Na wancan ne, yayan Fatime. Ka san tun rasuwar ubansa shi ke jan kwalekwale tsakanin nan da Njamena. To maimakon ya ja ya dawo gida ya huta, sai ya bi tsofaffin masu jirgi yana tattara waƙoƙin da suke yi a kan ruwa, ya haɗa da nasa, ya ɗauki garayarsa ya je wani ɗaki a tsallake aka naɗa, wai albam. Yanzu duk inda ka shiga a Kuseri shi ake sawa. Masu shayi, masu cajin waya, har 'yan duwan, kwastan na bakin gada. Mutum bai isa ya sayi gishiri cikin kwanciyar hankali ba.

An ce wai ya shiga wata gasa taku ta Garwa, Garayar Zinariya ko me, kuma wai kana cikin alƙalai. Ni ban san kan wannan ba. Shirme ne kawai irin na yaran yanzu, murya kamar ta ɗan akuya. In ka samu sarari ka saurara, in ba ka samu ba ka jefar, ba abin da za a rasa. Ni ko ji ban yi ba. Na dai ga ya goge farar rigarsa ya rataye, ya kuma je ajans ya tambayi ranakun motar Garwa.

Ka gaishe da Ummi. Allah ya bar zumunci.

Addarka,
Ache

Kuseri, ƙarshen Rajab

Mas'udu,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Fatime ta sauka, an samu mace, uwa da ɗiya lafiya lau. Amma ba don wannan na rubuto ba.

Kwandon ya dawo. Direban ajans ya kawo shi har ƙofa da rana tsaka, mata suna cike da gidan barka. An cire takardata, an cire katin, an sake ɗaure kifin da wata igiya ba tawa ba. Na zazzage shi har ƙasa ina neman ko layi ɗaya daga gare ka, babu.

Tun Baffa Malam na da rai nake aiko muku da kifi. Ba a taɓa mayar mini da tsaraba ba, ko daga gidan da aka yi faɗa. Na ce wa matan adireshi ne aka ɓata. Ban ga alamar sun yarda ba, sun dai ci kifin.

In wani abu na yi maka, ka faɗa mini. In Ummi ce ta ji haushin maganar daddawa, wasa nake, ka ba ta haƙuri. Tun da kwandon nan ya shigo ban ci abinci da daɗi ba.

Wancan kuma yana ta zarya wajen mai caji, yana tambaya ko an ji wani abu daga Garwa. Ni ba ruwana, ya dai hana ni sakat ne. Yaushe ne ma ake yin abin naku?

Ache

Garwa, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Adda Ache,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya jaririya, ya ba Fatime lafiyar shayarwa. Mu duka lafiya. Ummi tana gaishe ki, ta ce ita ba ta ji haushin komai ba, haushina take ji. Ki yafe jinkirin amsa. Na so a gama komai ne kafin in rubuto.

Adda, ba ki yi mini laifi ba. Bari in gaya miki yadda abin yake. Garayar Zinariya kyauta ce da ƙungiyar ƙananan rediyoyinmu ke ba albam ɗin da ya fi kowane a arewa duk shekara. Wanda ya ci, za a riƙa sa waƙoƙinsa daga Meiganga har Kuseri, kuma masu shirya bukukuwa su san da shi. Amma sunan kyautar ya ɓaci. Bara an yi ta cewa alƙalai sun ci sun sha a gidan wanda ya ci. Shi ya sa bana aka sake alƙalai, aka sa Madam Hortense, tsohuwar malamar kiɗa, ta shugabance mu. Ni aka ɗauke ni saboda shirin Hausa da nake gabatarwa.

Kwandonki ya iso ranar da muke zaman farko. Mai gadi ya shigo da shi har ɗakin taro, ƙamshi ya cika wurin. Ina cire takardarki katin ya faɗo, da sunan ɗanki Abdelkerim a jikin ledar. Akwai wani abokin aikina Franck, bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce, "Ah, Mas'udu, yanzu albam da miyarsa yake zuwa?" Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. A gabansu na ɗaure kwandon, na ce mai gadi ya mayar ajans.

Madam Hortense ta kira ni gefe ta ce tun da ɗan'uwana ne, in janye daga wannan zaɓen, ba abin kunya ba ne. Na ce mata ni ba sai na gudu ba kafin in yi adalci.

Albam biyu suka rage a ƙarshe, na Abdelkerim da na wata Edwige 'yar garin Gidar. Alƙalai suka rabu daidai, ƙuri'ata ce ta raba gardama. Na ba Edwige. Aikinta mai tsabta ne, an naɗa shi a situdiyo na gaske, kuma ana iya ƙirga masu saurarenta a intanet. Na Abdelkerim a memori yake yawo daga hannu zuwa hannu, ba wanda zai ce ga yawan masu jinsa. Kuma na tuna maganarki, cewa ba abin da za a rasa. Wannan ya sauƙaƙa mini.

Ya zo bikin cikin farar rigarsa. Ban sauke shi a gidana ba saboda idon mutane, wannan ne abin da Ummi ke fushi a kai. Da aka kira Edwige ya tashi ya tafa mata. Bayan an watse ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, sannu da aiki." Yaro ne mai tarbiyya, akwai kuma baɗi.

Kowa yanzu yana cewa kyautar bana ta yi tsabta. Ban san me ya sa na kasa jin daɗin hakan ba.

Ƙaninki,
Mas'udu

Kuseri, ƙarshen Sha'aban

Mas'udu,

Na amsa sallamarka. Jaririya lafiya, an sa mata suna Ni'imatullahi. Gwiwa tana nan yadda take. Takardarka ta zo, amma rediyo ya riga ta, kuma rediyon ya faɗi abin da takardarka ta tsallake.

Rediyonmu na nan yana ɗauko shirin wannan Franck ɗin naku. Ya yi ta yabonka da Faransanci, wai ga alƙalin da ya ƙi kifi. Sannan ya ce alƙalin ya zaro takarda ya karanta musu a ɗakin taro, cewa uwar mawaƙin da kanta ta ce shirme ne, murya kamar ta ɗan akuya. Har kukan akuyar ya yi. Mai shayin bakin ruwa ya juya wa kowa da Larabci don kada wani ya rasa rabonsa. Washegari da wancan ya sauka zai kwance kwalekwale, sai ya ji "mee" daga jirgi zuwa jirgi. Mutanen da suka ba shi waƙoƙin kakanninsu ke nan.

Ya dawo gida. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki garaya, ya haye Njamena wajen wani abokinsa. Farar rigar tana nan a rataye. Abin da ya faɗa wa Fatime a ƙofa shi ne, "A gida in ta ce wancan, na ɗauka kunya ce. Ashe har alƙali ta rubuta wa don a kayar da ni."

Mas'udu, kai ɗan Baffa Malam ne, ba baƙo ba. Innarku har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayanka Hanzala ba. Ranar da ya sauke Alƙur'ani ina wurin, cewa ta yi wancan malalacin ma an ce ya gama, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka don murna. Kana nufin ba ka san yadda uwa ke maganar ɗan fari ba? Da shirme na ɗauke shi, zan ƙulle shi a leda biyu don kada mai ya taɓa shi? Me kake so in rubuta, ɗana ya fi kowa, ku ba shi? Da wane bakin?

Ban roƙe ka ka ba shi ba. Da ka saurara ka ce na yarinyar ya fi, wallahi da na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma ka faɗa mini, kyautar taku ta waƙa ce ko ta wanke alƙalai? Kun tara yara daga ko'ina, kowa ya goge rigarsa, ashe ku kuke gasa tsakaninku.

Na faɗi naka, saura nawa. Hannuna ne ya rubuta akuyar nan, ba naka ba. Na san kana cikin alƙalai, na kuma aika kifi rediyo ban yi tunani ba, don ban iya aika takarda hannu sake ba. Na so ka ji waƙar, na kasa cewa ina so, sai na zage ta. Duk dare in na rufe ƙofa sai na bar sakata a buɗe, da safe in same ta yadda na bar ta. Ga azumi ya zo, ban san a gidan wa zai sha ruwa ba.

Ache

Garwa, farkon Ramadan

Adda,

Ina yi miki barka da shan ruwa, duk da na san ba ki da bakin amsawa. Mu lafiya. Ummi tana gaishe ki da Fatime.

Na sani, Adda. Tun ina karanta takardarki ta farko na sani. Da na zo wajen farar riga har murmushi na yi, na ce Adda ta mutu a kan yaron nan. Ba kuskuren fahimta na yi ba. Ranar zaɓe, da na ɗaga hannu wa Edwige, wani ya ce ko ina tsoron maganar kifi ne. Zuciya ta ɗebe ni, na zaro takardarki daga aljihu na juya musu ita da Faransanci. Na san yadda za ta fita a Faransanci, babu kunya a ciki, sai zagi tsirara. Na bar ta ta fita haka don ta rufa mini asiri. Franck ya yi dariya, ni ma na yi.

Kuma albam ɗinsa ya fi. Na saurare shi a mota, na saurare shi a gida, har yarana sun haddace. Maganar situdiyo da intanet da na rubuto miki gaskiya ce, amma ba ita ta sa ba. Na so a ga ina yanka jinina a gaban mutane, a ce Mas'udu ba ya sayuwa.

Na je wajen Madam Hortense na gaya mata duka, na roƙa a sake zaɓe. Ta cire gilashi ta dube ni ta ce, "Sai mu je Gidar mu karɓe daga hannun yarinyar da ba ta yi laifin komai ba, don ka samu barci?" Ta ce wanda ya zaɓi ɗan'uwansa don zumunci da wanda ya kayar da shi don a yabe shi, duk ba waƙa suka saurara ba. Ta ce da na janye ranar da ta ce, da ita za ta raba gardama, amma ba za ta gaya mini wa za ta ba ba, don ban cancanci sani ba. Baɗi za su sa doka, mai ɗan'uwa a gasa ya fita dole. Na ajiye alƙalancin. Ba na tsammanin wannan zai sa tuwo a kwanon kowa.

Na kira Abdelkerim ba sau ɗaya ba. Yakan ɗauka, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Kawu, ina kan ruwa," ya kashe. Na yi niyyar in fito a shirina in ce uwarsa akasin haka take nufi, in ba da haƙuri. Ummi ta ce bakin da ya karanta takardar ba shi zai gyara ta ba. Amma in kin ce in yi, zan yi.

Kin ce ba ki saurara ba, don haka bari in rubuto miki wani abu. Akwai waƙa ɗaya a ciki da ba ta masu jirgi ba ce, tasa ce. Sunanta "Wancan". Ga abin da yake cewa:

Ba ta kiran sunana, sai dai wancan,
amma tsokar tsakiyar kifi a kwanona take.

Na ji wannan kafin in zaro takardarki, Adda. Ban san da wane ido zan ce ki yafe mini ba.

Mas'udu

Kuseri, goman ƙarshe

Ƙanena Mas'udu,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, Ni'imatullahi ta fara sanin mutane. Kada ka ce komai a rediyo, rediyonku ya yi abin da zai yi.

Ka ɓata tawada wajen rubuto mini waƙar. Na iya ta daga farko har ƙarshe. Akwai kati na biyu a ƙaramin rediyona, a rumfar da nake banda, ƙarƙashin buhu. In ya fita aiki nake kunnawa, in na ji motsinsa in kashe. Hayaƙi ya daɗe yana ɗaukar laifin idona.

Na jira har azumi ya raba, bai zo ba. Ranar Juma'a bayan la'asar na yafa mayafi na gangara bakin ruwa da gwiwar nan. Wurin cike, ana sauke buhunan albasa. Na hango shi tsaye cikin ruwa har cinya, ya ba ni baya, yana riƙe da igiya. Ya rame. Masu jirgi suka gan ni, aka fara taɓa juna, wani ya fara ɗan "mee" ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Kai." Mutum goma suka juyo, ban da shi. To sai na buɗe baki na kira sunan. Ban taɓa faɗinsa ba tun ranar da liman ya raɗa masa shi, ya yi mini nauyi a baki kamar na tauna dutse. Na ce, "Abdelkerim."

Bai juyo ba. Na ɗauka fushi ne. Na sake kira da ƙarfi. Sai na ga ya ɗaga kai yana dube-dube can gefe, wajen mata masu tallan ƙosai, yana neman wadda ke kiransa. Mas'udu, ba fushi ba ne. Bai san sunansa da muryata ba.

Wani tsoho ne ya taɓa kafaɗarsa ya nuna ni. Ya tsaya yana kallona, igiya ta suɓuce, kwalekwale ya fara tafiya sai da wani ya kama. Ya ce, "Inna, me kika ce?" Na ce, "Abdelkerim na ce. Waƙarka ta fi ta kowa, kuma na iya ta." Na rera masa layin kifin nan a gaban kowa. In ana neman muryar akuya, ranar an ji ta gaske, amma ba wanda ya yi dariya.

Ya zo ya sha ruwa a gida. Na sa masa tsokar tsakiya, ya dube ta ya daɗe kafin ya ci. Tabarmar ta dawo, garayar ba ta dawo ba. Fatime ta ce ya bayar da ita a tsallake, ya ce ya gama da waƙa. Ban tambaye shi ba.

Ga kwando nan kuma, wannan karon sunan gidanka na sa. Ka ci, na yafe, ka roƙa mini Allah ni ma ya yafe mini. Amma akwai aikin da zan ba ka. Ka nemi mai haɗa garaya na kirki a Garwa, ta ƙwarya da fata, ba irin taku ta zinariya ba. Ka aiko ta ajans. Kada ka sa sunanka. Ka rubuta daga uwarsa, ka sa sunansa a jiki da manyan baƙaƙe, don in direba ya tsaya a ƙofa yana tambayar ta wace ce, ni zan karanta masa.

Addarka,
Ache, uwar Abdelkerim